MAI TSARON GIDA: YADDA KASALI DAUDA YA FARA, DA ABIN DA YARAN GUCI ZA SU KOYA



Duk wanda ya ratsa ta Guci da la'asar sakaliya, bayan an taso daga gona, ya san abin da zai gani a bayan gari. Yara ne ke buga ƙwallon ƙafa, wanda waɗansu ke ce wa balo ko tamaula. Haka abin yake a Dungas, da Malawa, da Dogo-Dogo, da Waca, da Magariya. Wani lokaci ƙwallon na roba ne, wani lokaci tsumma ne aka naɗe da zare. Takalma biyu ko kara biyu su ne gida.

Idan an zo rabon wuri, kowane yaro gaba yake so. Kowa so yake a ce shi ne ya ci. Wanda ya fi ƙanƙanta, ko wanda ba ya da gudu, shi ake ce wa: "Kai, je ka gida." Sai ya tafi yana ɓata rai.

To, a wannan wata muna so mu yi magana a kan wannan yaro da ake turawa gida. Domin ɗaya daga cikin ƴan wasan da suka fi ɗaga sunan Nijar, a nan wurin ya yi aikinsa. Sunansa Kasali Dauda. A takardun wasa ana rubuta shi Kassaly Daouda. Za mu ba ku labarin farkon tafiyarsa. Sa'an nan mu duba abin da ya kamata yaro da iyayensa su sani kafin su sa rai ga wannan sana'a.

DAGA DOSO ZUWA YAMAI

An haifi Kasali Dauda ran 19 ga watan Agusta 1983 a garin Doso. Ba ɗan babban birni ba ne. Amma a Yamai ya yi suna, cikin ƙungiyar Sahel SC, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin da suka fi ɗaukar kofin ƙasa.

Me ya sa sai a Yamai? Saboda yawancin manyan ƙungiyoyin ƙasarmu can suke. Can ne babban filin wasa na Janar Seyni Kunce yake. Can ne hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wato FENIFOOT, take da ofis. Wanda yake wasa a Yamai, idon masu zaɓen ƴan wasan ƙasa yana kansa kowane mako.

Amma kada a ce karkara ba ta taɓa yin abin kirki ba. A 1983, shekarar da aka haifi Kasali, ƙungiyar Jangorzo ta Maraɗi ce ta zama zakarar Nijar. A 1984 kuma Espoir ta Damagaram ce ta ɗauka. Dattawan jiharmu ba su manta da wannan shekara ba. Abin da aka taɓa yi, ana iya sake yi.

Abin lura na farko ke nan: Kasali bai tashi daga Doso ya faɗa Turai ba. A gida ya fara. A gida aka gan shi. Daga ƙungiyar gida aka kira shi cikin Mena, wato ƙungiyar ƙasa, tun yana saurayi, a farkon shekarun 2000.

MENE NE AIKIN MAI TSARON GIDA?

Kafin mu ci gaba, bari mu bayyana aikin. Da yawa suna kallon wasa, amma ba su san ƙa'idarsa ba.

Kowace ƙungiya tana shiga fili da mutum 11. Goma suna wasa da ƙafa da kai da ƙirji. Mutum ɗaya tak aka yarda ya kama da hannu. Shi ne mai tsaron gida, ko gola. Rigarsa ma launinta dabam take da ta sauran, don alƙalin wasa ya gane shi.

Gidan da yake tsaro yana da faɗin mita 7 da santimita 32. Wannan kimanin taku 8 ne na babban mutum. Tsawonsa daga ƙasa zuwa sandar sama mita 2 ne da santimita 44. Ku auna a bangon zaurenku, ku gani. Ba ƙaramar ƙofa ba ce.

A gaban gidan akwai da'ira mai kusurwa huɗu, wadda ta fito mita 16 da rabi daga layi. Cikinta kaɗai gola yake da izinin taɓa ƙwallo da hannu. In ya fita, ya zama kamar kowa.

Idan aka yi babban laifi cikin da'irar, sai a ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ana ajiye ƙwallo a nisan mita 11. Dole ƙafa ɗaya ta gola ta kasance a kan layi, ko daidai da shi, ko a bayansa, har a buga.

Dokoki suna sakewa. Tun 1992, in abokin wasa ya mayar wa gola ƙwallo da ƙafa da gangan, ba shi da izinin kamawa da hannu. Don haka gola na yanzu sai ya iya wasa da ƙafa. A 2025 kuma an sa doka cewa gola ba zai riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa 8 ba. In ya wuce, sai a ba abokan hamayya bugun kusurwa.

Manomi ya san mai kiwon tsuntsu a gonar gero. Yini guda yana kora, ba wanda ya yaba. Ranar da ya yi gyangyaɗi jan baki ya sauka, ranar ce kowa zai san sunansa. Makiyayi ma ya san wanda ke kwana a bakin garke. Dare ɗari lafiya, ba a ce komai ba. Dare ɗaya kura ta ɗauki tunkiya, sai magana ta tashi. Haka aikin gola yake. Ɗan gaba yana iya ɓarar da ƙwallo biyar, ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Gola yana iya tare tara, ɗaya ta kuɓuce, a ce shi ya kayar da gari.

Akwai wata wahala kuma. Babbar ƙungiya takan ajiye gola uku, amma ɗaya ke shiga fili. Ba a cika canza shi a tsakiyar wasa ba. Saurayi yana iya yin shekara guda a benci yana jira. Shi ya sa masana suke cewa gola ba ya nuna da wuri. Kamar dabino yake, yana daɗewa kafin ya yi ƴaƴa, amma in ya fara yana daɗewa yana bayarwa.

TAFIYA GARWA

Daga Sahel SC, Kasali ya tafi ƙasar Kamaru a tsakiyar shekarun 2000. Ya shiga ƙungiyar Coton Sport ta garin Garwa.

Wannan ƙungiya, labarinta zai yi wa manomi daɗi. An kafa ta a 1986. Kamfanin auduga na Kamaru, wanda ake kira SODECOTON, shi ne ya tsaya mata. Kamfanin ne ke sayen audugar manoman arewacin ƙasar. Ashe gumin mai garma yana cikin abin da ya gina ta. Sunanta ma daga auduga ya fito.

Garwa tana bakin kogin Binuwai. Gari ne na Fulani da Hausawa da sauran kabilu. Ana jin Fulatanci da Hausa a kasuwa. Ana kiran salla. Akwai zafin bazara kamar namu. Ɗan Nijar da ya sauka can bai yi nisa da gida ƙwarai ba, ko ta wajen abinci, ko ta wajen zaman jama'a.

Ba shi kaɗai ba ne ɗan Nijar a ƙungiyar. Akwai Kamilu Dauda, ɗan gaba. Akwai Abdul Karim Lansina, ɗan tsakiya. Baƙo in ya tarar da ɗan'uwa, rabin baƙunta ta ƙare.

A wannan zamani Coton Sport ta fi kowa ƙarfi a Kamaru. Daga 2003 har 2008, shekara shida a jere, ita ce zakarar ƙasar. Ku tuna kuma, Kamaru ƙasar manyan gololi ce. Ita ta haifi Thomas Nkono da Joseph-Antoine Bell. A irin wannan ƙasa, a ce baƙo ɗan Nijar ne aka ba gida, ba ƙaramin abu ba ne.

SHEKARAR 2008

A 2008 Coton Sport ta shiga gasar kofin zakarun Afirka. Wannan ita ce gasar da ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi a kowace ƙasa suke karawa. A rukuninsu akwai Enyimba ta Nijeriya, da Al Hilal ta Sudan, da TP Mazembe ta Kwango. Duka manya ne. Amma Coton Sport ta tsallake.

A wasan kusa da na ƙarshe ta haɗu da Dynamos ta Zimbabuwe. Ta ci 1 da 0 a can, ta ci 4 da 0 a Garwa. Wasa biyu, ba ƙwallo ko ɗaya da ya shiga gidanta.

Sai wasan ƙarshe, da Al Ahly ta Masar. Ita ce ƙungiyar da ta fi kowa ɗaukar wannan kofi. Ran 2 ga Nuwamba 2008 aka yi karon farko a birnin Alƙahira, gaban dubban mutane. Kafin a yi minti 20 an riga an ci Coton Sport biyu. Aka tashi 2 da 0.

Ran 16 ga Nuwamba aka yi karo na biyu a Garwa. Al Ahly ta fara ci. Abdul Karim Lansina, ɗan Nijar, ya rama. Coton Sport ta ƙara na biyu. Daf da tashi Al Ahly ta samu bugun daga kai sai mai tsaron gida, ta ci. Aka tashi 2 da 2. Da aka haɗa wasannin biyu, Al Ahly tana da 4, Coton Sport tana da 2. Kofi ya tafi Masar.

Kasali yana da shekara 25 a lokacin. Bai ɗauki kofi ba. Amma Afirka duka ta gan shi. Yaron Doso ya tsaya a wasan ƙarshe na babbar gasar nahiya.

TURAI BA ALJANNA BA CE

A 2009 aka ba da shi aro ga ƙungiyar Rapid ta birnin Bukares, a ƙasar Rumaniya. Aro a ƙwallo kamar aron sa ne na huɗa: ya je ya yi aiki na wani lokaci, amma mai shi bai sayar ba.

Rumaniya ƙasar sanyi ce, ƙanƙara tana sauka da hunturu. Harshe dabam, abinci dabam, ga gololin gida da suke jiran wurin. Kasali bai daɗe can ba. Ya komo Garwa, ya ci gaba da aikinsa.

Samari, ku lura da wannan. Mutumin da ya buga wasan ƙarshe na Afirka, wanda ya tafi ta hanyar ƙa'ida, ƙungiya zuwa ƙungiya, da takardu cikakku, shi ma Turai ba ta zaunu gare shi ba. Ina ga wanda ya tafi ba takarda, ba ƙungiya, ba wanda ya san shi?

Amfanin tafiya ta ƙa'ida shi ne, in abu bai yi ba, akwai wurin komowa. Kasali yana da ƙungiyar da ta karɓe shi. Komowarsa ba ta rage shi da komai ba. Manyan ranakunsa ma suna gaba.

RANAKUN MENA

Ran 10 ga Oktoba 2010, Masar ta zo Yamai. Ita ce ta ɗauki kofin ƙasashen Afirka sau uku a jere: 2006, da 2008, da 2010. Ba wanda ya ba Nijar rai. Musa Ma'azu ya ci ƙwallo ɗaya. Masar ta yi ta kai hari, ba ta rama ba. Aka tashi 1 da 0. A wannan zamani Kasali ne babban golan Mena, mai horarwa kuma Haruna Dula.

Nijar ta ci wasanninta uku na gida: Masar, da Saliyo, da Afirka ta Kudu. Ta faɗi a uku na waje. A ƙarshe Nijar da Saliyo da Afirka ta Kudu kowa yana da maki 9. Ƴan Afirka ta Kudu suka ɗauka su ne suka wuce, har suka yi rawa a fili. Ashe ba su karanta dokar gasar da kyau ba. Dokar ta ce a duba sakamakon wasannin da ƙasashen uku suka yi tsakaninsu. Da aka duba, Nijar ce a gaba. Haka Mena ta je kofin Afirka karo na farko, a 2012, a ƙasar Gabon. Ga amfanin karanta takarda kafin a yi guɗa.

A 2012 an ci Mena wasa uku duka. A 2013 ta sake zuwa, bayan ta fitar da Gine. An yi gasar a Afirka ta Kudu. A nan ne abin da muke so kowane ƙaramin gola ya riƙe ya faru.

Ran 20 ga Janairu 2013 Nijar ta kara da Mali. Har minti 83 ba ci. Sai aka ɗago ƙwallo ta sama. Kasali ya fito, bai riƙe shi ba. Ƙwallo ya faɗi gaban Seydu Keita, ya tura raga. Mali ta ci 1 da 0. Duniya duka ta ga kuskuren a talabijin.

Kwana huɗu bayan haka, ran 24 ga Janairu, sai wasa da Kwango. Suna da ɗan gaba mai haɗari, Dieumerci Mbokani. Mutumin da ya yi kuskure ran Lahadi, shi ne ya tsaya kamar katanga ran Alhamis. Ya tare ƙwallayen da kowa ya ɗauka sun shiga. Aka tashi ba ci. Wannan shi ne maki na farko da Nijar ta taɓa samu a kofin Afirka.

Da Kasali ya zauna yana kukan wasan Mali, da ba a samu wannan maki ba. Manomin da shukarsa ta farko ta ƙone ba ya jefar da iri. Yakan jira ruwa ya sake shuka.

Bayan wannan gasa ya buga wa Chippa United ta Afirka ta Kudu. Ya tsare gidan Mena a wasa fiye da 80, cikin kusan shekara 20.

NA BAYANSA

Hanyar da ya buɗe ba ta toshe ba. A 2015 Nijar ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta yara ƴan ƙasa da shekara 17, a Yamai. A 2017 yaranmu suka kai wasan kusa da na ƙarshe a Gabon. Wannan ya ba su damar zuwa kofin duniya na yara a ƙasar Indiya, karo na farko.

Can suka ci Koriya ta Arewa 1 da 0. Suka tsallake zuwa zagaye na biyu. Gana ta fitar da su 2 da 0. Golan wannan ƙungiya shi ne Halid Lawali. A wasan Gana ya tare bugun daga kai sai mai tsaron gida guda ɗaya. Yaro ne ɗan Nijar kamar yaranku.

HATTARA DA DILLALAN ƘARYA

Yanzu ga maganar da ta fi shafar iyaye.

Akwai mutanen da ke yawo da jaka da waya mai tsada. Sukan tsaya bakin fili, su ga yaro, su ce: "Wannan zai yi kuɗi a Turai." Sai su bi shi gida. Su ce wa uba ya kawo kuɗin fasfo, da kuɗin jirgi, da kuɗin gwaji. Uba ya kai sa kasuwar Maigatari ya sayar. Wani ya jinginar da gona. Daga nan ko dai mutumin ya ɓace da kuɗin, ko ya kai yaron wata ƙasa ya yar da shi a masauki. Yara da yawa na Afirka ta Yamma sun shiga wannan hali. Waɗansu kunya ta hana su komowa gida.

Ga abin da ya kamata ku sani. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, wato FIFA, ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba daga ƙasarsa zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai da waɗansu dalilai ƙalilan, kamar in iyayensa ne suka ƙaura don wani aiki nasu. Duk wanda ya ce zai kai ɗanka mai shekara 15 wata ƙungiya a Faransa ko Sifen, ya ce ka kawo kuɗi, to ka riƙe sanka.

Ƙungiyar gaskiya in tana son ɗan wasa, ita ke biya. Takan rubuto takarda ga ƙungiyarsa ta gida. Hukumomin ƙasashen biyu sukan sani. Ba a ɗaki ake yin abin da dare ba.

Ko manya ba su tsira daga wannan ba. Ku ji labarin Edouard Mendy, golan Senegal. An haife shi a Faransa a 1992. A 2014 kwantiraginsa ya ƙare da wata ƙaramar ƙungiya. Dillalinsa ya yi masa alkawarin wuri a Ingila, sa'an nan ya daina ɗaukar waya. Mendy ya yi shekara guda ba ƙungiya, ba albashi. Har ya rubuta sunansa a ofishin masu neman aiki. Amma bai daina atisaye ba. A 2015 Marseille ta ɗauke shi a matsayin gola na baya. Daga nan Reims, daga nan Rennes, daga nan Chelsea ta Ingila a 2020. A 2021 ya ɗauki kofin zakarun Turai. A watan Fabrairu 2022 ya ɗauki kofin Afirka da Senegal.

Labarin ya ƙare da daɗi. Amma ku tuna, a cikin ƙasar da aka haife shi abin ya same shi, kusa da iyayensa. Yaron Guci da aka yar a bakin teku, wa zai ba shi tuwo?

TAKARDAR HAIHUWA DA KARATU

Abu biyu ne za su buɗe wa yaro ƙofa, ko su rufe ta.

Na farko, takardar haihuwa. Ba ƙungiyar da za ta yi wa yaro lasin wasa ba tare da ita ba. In an yi haihuwa, a sanar da wuri, a likita ko wurin mai rubuta haihuwa na gari, a karɓo takarda a ma'aikatar magajin gari. In an yi jinkiri, sai an bi ta wajen alƙali, wahala ta ƙaru.

Kada kuma a rage wa yaro shekaru. Tun 2009 FIFA tana amfani da na'urar asibiti mai ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar ƴan ƙasa da shekara 17. Hoton yana nuna ko ƙashin ya gama haɗewa. An sha mayar da yara gida saboda wannan. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na biyu, karatu. Ɗan wasa yana sa hannu a kwantiragi. Takarda ce da ta faɗi albashinsa, da shekarun da zai yi, da abin da za a yi in ya ji rauni. Wanda bai iya karatu ba, da yatsa zai dangwala a kan abin da bai sani ba. Ban da haka, ƙwallo sana'ar ƙuruciya ce. Gwiwa ɗaya in ta lalace, aiki ya ƙare. A cikin yara masu yawa da ke buga ƙwallo, kaɗan ƙwarai ne za su ci abinci da shi. Saboda haka kada yaro ya bar lakwal ko makarantar allo saboda balo. Kada ya bar koyon noma da kiwo. A riƙe duka biyu.

GA MAI SON TSARON GIDA

Yaro, in kana son wannan aiki, ba sai kana da safar hannu mai tsada za ka fara ba. Ga abin da za ka iya yi a garinku.

1. Ka share wurinka. Ka tsince ƙaya da ƙarangiya da fasasshiyar kwalba kafin wasa. Rairayin ƙasarmu mai taushi ne, ya dace da koyon faɗuwa.

2. Ka koyi faɗuwa ta gefe, a kan cinya da haƙarƙari da kafaɗa. Kada ka faɗi a kan gwiwar hannu ko a kan ciki. Ka fara daga durƙushe, sa'an nan daga tsaye.

3. In ƙwallo ya zo sama, ka buɗe yatsu, manyan yatsunka biyu su kusanci juna a bayansa. In ya zo ƙasa, ka sa jikinka a bayan hannunka. In hannu ya kuskure, jiki ya tare.

4. Kada ka manne a layi. In ɗan gaba ya taho shi kaɗai, ka matso gabansa. Mutumin da ya tsaya kusa da kai yana rufe maka ganin ƙofa fiye da wanda ya tsaya nesa.

5. In ka fito neman ƙwallon sama, ka yi ihu abokanka su ji. In ka ga ba za ka riƙe ba, ka naushe shi nesa, ta gefe.

6. Ka yi magana. Kai kaɗai ne kake ganin fili duka. Ka gaya wa ƴan baya inda haɗari yake.

7. Ka sha ruwa. Kada a yi wasa da tsakar rana a bazara. Ka guji ƙwayoyin da ake sayarwa a kasuwa da sunan ƙarin ƙarfi. Suna lalata jiki da hankali, kuma ɗan wasan da aka kama da su ana dakatar da shi.

8. In an ci ka, ka ɗauko ƙwallo daga raga, ka ɗaga kai. Ka tuna da Kasali tsakanin wasan Mali da wasan Kwango.

ABIN DA GARI ZAI IYA YI

Daga Damagaram zuwa Yamai kimanin kilomita 900 ne. Ba mai tasowa daga can ya zo neman gola a Guci, in bai ji labari ba. Labari kuwa ba ya tashi sai da wasa mai tsari.

Maigari da dattawa suna iya ware fili, a sa masa iyaka, don kada a nome shi ko a gina shi. Samari suna iya yin gayya su share, su kafa sanduna a kan awon da muka faɗa. A binne su da zurfi, don sandar da ba ta kafu ba tana iya faɗowa kan yaro. Malaman lakwal suna iya shirya gasa tsakanin garuruwa bayan kaka, lokacin da amfani ya shiga rumbu. A rubuta sunayen yara da shekarunsu na gaskiya a littafi. Wanda ya yi fice a gari, a kai shi gasar gunduma. Daga nan Damagaram. Daga nan Yamai.

Haka Kasali Dauda ya bi: Doso, Yamai, Garwa. Mataki bayan mataki. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma yara, gobe in an zo rabon wuri, kada ku tura mafi rauni gida. Ku sa mai ido, mai zuciya, mai haƙuri. Gidan da ba shi da mai tsaro, ko an tara dukiya ba ta kwana.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damana mai albarka. Amin.